Gidan gado za mu saida: a kira injiniya ya duba tukuna, ko a ba dillali haka nan?

Dan_Kofar_Marusa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya rasu bara waccan, ya bar gida a bayan Ƙofar Marusa, ginin bulo da siminti na 1988. Zaure ne da ɗakuna biyar da falo, da rijiya a tsakar gida. Mu bakwai ne magada har da Hajiyarmu, gidan kuma ba zai rabu ba, shi ya sa aka tsaya a kan a saida a raba kuɗi. To bangon gabas na ɗakin Hajiya akwai tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta yi sama, silin ɗin falo kuma duk tabon ruwa ne. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta kafe sai an kira injiniya ya duba gidan kaf, ya rubuta mana, kafin a sa shi kasuwa. Dillalin da muka samu ya ce kada mu soma, mu liƙe tsagar mu buga fenti a saida kafin ruwa ya sauka. Babban Yayanmu yana bayan dillali. Ni ina tsakiya, kowa ya kira ni sai ya ce ni zan shawo kan ɗayan. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan dubawar a nan Katsina?

Abu_Sadiq_Rafukka
Allah ya jiƙan Baba. Ni dai tunda nake ban taɓa jin mai saida gida ya biya kuɗi a nemo mashi aibin gidan shi ba. Mai saye ke zuwa da maginin shi.

Dillalin_Layout
Allah ya gafarta ma Alhaji. Ƙanena, shekara 19 ina wannan sana'a, abokin aikina gaskiya ya faɗa maku. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Duk gidan da ya shekara talatin da ɗoriya, in ka sa mai ilimi ya shiga da tocila, sai ya cika maka shafi uku. Ka biya shi, sannan ka ɗauki takardar ka miƙa ma mai saye ya yi maka ragi da ita. Wane ciniki ne wannan? Mai saye yana da ido, yana da magini. A bar kaza cikin gashinta.

Maman_Ilham_Daura
Alhaji Dillali, da bakinku ake cutar mu. Bari in ba ku labarin gashin kazar. Mun sayi gida a nan Daura cikin watan Maris, ana tsakiyar zafi. Fenti sabo fil, har ƙamshi yake. Maigidana ya je da magini sau biyu, bai ga komai ba, don me zai gani a rani? Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi cikin Yuni, da tsakar dare muka kwashe yara daga ɗaki, bokiti huɗu da baho muka jera a falo. Da gari ya waye aka hau sama, ashe kwanon duk ya huhhuje, an bi ramukan da kwalta da tsumma. Maƙwabta suka ce ai kowa a layin ya san gidan yana yoyo. Aka je gaban mai unguwa, aka yi zama uku, mutumin ya mayar mana da wani abu da bai kai rabin kuɗin sabon kwano ba. Yau shekara huɗu, masallaci ɗaya suke sallar Juma'a da Baban Ilham, ba sa gaisawa. Wallahi da ya ce mana gida yana yoyo ku rage kaza, da mun saya da daɗin rai.

Dillalin_Layout
Hajiya, wannan ai maginin ku ne bai hau sama ba.

Maman_Ilham_Daura
To shi wanda ya sa tsumman fa, bai hau ba?

Injiniya_KT
Allah ya jiƙan mahaifinku. Ina irin wannan aikin, amma gaskiyar Abu_Sadiq ce, yawanci masu saye ke kira na, ko wanda zai ɗora bene a kan tsohon gini. Mai saidawa sai jefi-jefi.

Tsagar da ka kwatanta ita ta tsaya mani a rai. Tsaga iri-iri ce. Akwai ta fulasta, siririya kamar gashi, tana yawo ko ta ina, wannan ba komai ba ce, zafin rana da sanyin hunturu ke kawo ta. Amma wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko take bin layin bulo kamar matakala, musamman in bakinta ya fi faɗi a gefe ɗaya, wannan yawanci alama ce cewa wani sashe na harsashin ginin ya zauna. Abin tambaya shi ne: ya gama zama ko har yanzu yana tafiya? Kai da kanka za ka iya gwadawa. Ka leƙa ta waje ka ga ko tsagar ta ratsa bangon. Ka duba ko tagar tana cijewa wurin rufewa. Sannan ka shafa siminti ɗan kaɗan a kan tsagar wuri biyu, ka rubuta kwanan wata da fensir a gefe. In bayan wasu makonni shafen ya tsage, ginin yana motsi.

In na je gida, wuni guda ba ya cika. Nakan zagaya waje tukuna in ga inda ruwan sama ke bi, da ko titi ya fi tsakar gida tudu, don gidajen cikin gari da yawa an cike layin su har sun koma rami. Sai in cire silin ɗaya in leƙa katakon rufi. In ƙwanƙwasa fulasta da tayil da ɗan ƙarfe, inda ya yi ƙarar ganga ya saki. In akwai dakin, wato rufin kankare, in nemi inda rodi ya yi tsatsa ya tura siminti waje. In buɗe sokawe, in auna tsakaninta da rijiya. In zo da mai wuta ya buɗe akwatin fis.

Bangon gabas kuwa, mu nan shi ke shan dukan ruwa, don hadarinmu daga gabas yake tasowa. In gida zai fara ciwo, galibi ta can yake farawa.

Baba_Magini_Kwaya
Injiniya ya yi bayani, amma ni da na fara ɗaukar kwaɓi tun zamanin Shagari zan ƙara. Ginin 88 kada ku raina shi. Lokacin ba a jan buhun siminti kamar yanzu da wani zai buga bulo hamsin da buhu ɗaya, ka taɓa da farce yana zuba. Abin da ke kashe waɗannan gidaje uku ne: gara a katako, gishiri da ke cin gindin bango saboda ba a shimfiɗa ledar tare danshi a harsashi ba, sai saiwar bedi. Yaro, akwai bedi kusa da bangon nan?

Dan_Kofar_Marusa
Baba akwai, a ƙofar gidan maƙwabcinmu, amma ta yamma yake. Abin da ke bayan ɗakin Hajiya sokawe ce.

Baba_Magini_Kwaya
To ka ji. Ba sai an kira mai takarda ba, ni daga nan na gano ciwon.

Injiniya_KT
Baba, ina zargin abin da kake zargi. Sai dai in mai saye ya tambaya, ba za a ce mashi Baba ya gano daga waya ba.

Ummu_Khalil
Ni tambayata ga malamai. In mutum bai sa an duba ba, ai bai sani ba. In bai sani ba, ai ba shi da laifi ko? Kamar kiran injiniyan jawo ma kai nauyi ne.

Malam_Na_Gobarau
Allah ya jiƙan mamaci, ya sanya albarka a abin da ya bari. Malama Ummu Khalil, abin da mutum bai sani ba hakika ba shi da zunubin ɓoye shi, kuma shari'a ba ta wajabta ma mai saidawa ya ɗauko injiniya ba. Amma waɗannan bayin Allah sun riga sun sani. Sun ga tsaga, sun ga tabon ruwa, har sun faɗa mana. Shawarar a liƙe a shafe don kada mai saye ya gani, sunanta algus. Hadisin sananne ne, Muslim ya ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Akwai kuma hadisin Hakim bin Hizam a Bukhari da Muslim, cewa mai saye da mai saidawa in suka yi gaskiya suka bayyana, a sanya albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar.

Malamanmu na Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku. Ɗan ƙarami da ba ya rage daraja, ba a komawa kan shi. Matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron gidan ya faɗi saboda ita, mai saye ba zai mayar da gida ba amma za a biya shi gwargwadon abin da aibin ya rage. Babba kuwa, wanda ake tsoron rushewa, yana da damar ya mayar ya karɓi kuɗin shi. To ku duba: kun saida, kun raba kuɗi kashi-kashi, wani ya sayi fili, wani ya yi aure, sannan alƙali ya ce a mayar. Daga aljihun wa?

Fenti don kwalliya ba laifi. A yi fentin, a kama hannun mai saye a nuna mashi inda aka liƙe.

Dillalin_Layout
Allah gafarta Malam, ban ce a yi algus ba. Mu ai kullum a gaban shaidu muke cewa an saida gida yadda yake, ka gani ka yarda.

Malam_Na_Gobarau
Alhaji, wannan kalma ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru a kan shi.

Sani_Glasgow
Ina Sikotilan shekara shida. A nan tun Disamba 2008 doka ce, yawancin gidaje ba a sa su kasuwa sai mai gida ya biya an yi rahoto a kan su. Ƙwararre zai zo ya duba rufi da bango da danshi, ya ba kowane sashe maki daga 1 zuwa 3, ya kuma faɗi ƙimar gidan. Duk mai son saye sai a ba shi ya karanta kafin ya taya. A Ingila ba haka ba ne, can mai saye ke neman nashi. Ban ga ya hana gidaje saiduwa ba, sai ma rage ja-in-ja.

Hafsat_Houston
Mu a Amurka mai saye ke biyan mai duba gida bayan an yi ciniki, in ya ga abin da bai yi mashi ba ya nemi ragi ko ya janye. Shi ya sa wasu masu saidawa suke riga shi, su duba tun farko don kada ciniki ya watse a ƙarshe. Kuma gidan da aka gina kafin 1978 dole ka faɗi abin da ka sani game da fenti mai gubar dalma.

Abu_Sadiq_Rafukka
'Yan ƙasar waje sun iso. Ku kawo mana dokar tare da wutar lantarkin.

Lauya_Bakatsine
Kowa ya tsaya a kan bango, ni takarda nake tambaya. Gidan yana da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ko takardar ciniki ce ta mai unguwa? In akwai, har yanzu sunan marigayi ke kai, kuma ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 mallakar da gwamna ya bayar ba ta komawa hannun wani sai da amincewar gwamna. Na ga ciniki da yawa da suka lalace, ba don tsaga ba, don wani magaji yana Legas bai sa hannu ba, ya dawo bayan shekara biyu ya ce bai yarda ba. Ku je kotun shari'a a tabbatar da magada da rabon kowa a rubuce, kowa ya sa hannu a kan yardar saidawa. In kun yi rahoton injiniya, ku ambace shi cikin yarjejeniya, mai saye ya sa hannu cewa ya karanta. Wannan takardar ku take karewa, ba shi ba. Sannan ku duba ko akwai bashin wuta a kan gidan, ku biya KEDCO ku riƙe rasit, don mai saye mai wayo zai tambaya.

Dan_Kofar_Marusa
Barista akwai C of O, tana hannun Yaya. Kotu ma an je. Amma autarmu shekarar ta 14, Hajiya ce ke tsaya mata.

Goggo_Rabi
To tunda akwai marainiya a ciki, ku yi hattara ɗiyana. Kuɗin injiniyan daga ina za su fito? In daga dukiyar gado ne, har da haƙƙinta. Wadda ta kafe sai an duba ai sai ta ciro daga jakarta.

Ummu_Khalil
Goggo, in an ɓoye aibi aka saida, kuɗin algus ɗin ma ai har da bakin marainiyar za su shiga.

Goggo_Rabi
Wannan kuma gaskiya ne. Na janye rabi.

Dillalin_Layout
Bari in faɗi abin da duk ba ku lura da shi ba. Gida irin wannan a cikin gari, yawancin masu tayawa ba ginin suke so ba, filin suke so. Mutum zai saya ya rushe ya yi shaguna a gaba, ko ya tada bene. Mai rusau ina ruwan shi da silin? Ku kashe kuɗi a injiniya, ku kashe a gyara, katafila ta zo ta kwashe duka rana ɗaya.

Injiniya_KT
Nan kam Alhaji ya faɗi gaskiya. In mai rusau ne, kada ku gyara ko ƙusa ɗaya. Amma ba ku san wa zai zo ba, kuma dubawa daban, gyara daban. Kuɗin dubawar bai kai na fentin da aka ce ku yi ba. Abu ɗaya kuma, kada a haɗa aikina da na mai ƙimanta gida. Ni zan gaya maka lafiyar gini, in buga hatimina na COREN, hukumar da ke yi ma injiniyoyi rajista. Nawa gidan zai yi a kasuwa, wannan na masu ƙiyasin kadara ne, su ma suna da hukumar da ke yi masu rajista. Duk wanda za ku kira, ku nemi lambar rajistar shi. Ba duk mai farar hular kwano ne injiniya ba.

Baba_Magini_Kwaya
Wannan da ni kake, na ji.

Musa_Mai_Wuta
Ba wanda ya yi maganar wuta sai a gurguje. Wayarin 1988 an yi shi ne don ƙwai da fanka da rediyo. Yau an ɗora mashi firiza da hita da na'urar sanyaya ɗaki. Nakan buɗe soket in tarar da siririyar waya mai lamba 1.5 inda ya kamata a sa mai kauri 2.5, robar ta bushe tana karyewa a hannu, ga katako busasshe a saman silin. Tsaga tana ba ka shekaru, waya dare ɗaya ne.

Dan_Kofar_Marusa
Jama'a na dawo, kwana goma sha ɗaya ke nan. Ni da ƙanwata muka haɗa kuɗin daga aljihunmu kamar yadda Goggo ta ce. Injiniya ya zo da mai wuta, tun ƙarfe takwas har bayan azahar. Baba Magini, ranka ya daɗe, sokawe ce. Bangonta ya fashe ta ɓangaren ɗaki, ruwa yana zaizaye ƙasar gindin ginin. Ya ce bangon ba faɗuwa zai yi gobe ba, amma in aka bar shi damina biyu ko uku ba zai lamunce ba. Katakon rufin falo guda biyu gara ta cinye, kwano shida na son canji. Abin da ya fi tada mani hankali rijiya. Mita shida ne kacal tsakaninta da sokawen, ya ce aƙalla 15 ake so. Ruwan da muke sha tun muna yara, kuma Hajiya tana sha har shekaranjiya. Mun hana, yanzu daga 'yan garuwa ake saye.

Yaya bai ji daɗi ba. Ya ce yanzu mun ɗaure kanmu, abin da da tsaga ɗaya ce ya zama shafi huɗu. Dillali ya kawo mutum ya taya miliyan 27, da aka nuna mashi takardar ya sauko 25 da rabi. Lissafin gyaran da aka yi mana kuwa bai kai miliyan ɗaya ba.

Dillalin_Layout
Me na ce? Gyaran ƙasa da miliyan, ragin miliyan ɗaya da rabi. Takarda ta ci maku dubu ɗari biyar da ɗoriya, ban da kuɗin mai rubuta ta.

Maman_Ilham_Daura
Ta kuma hana Hajiya shan ruwan masai. Wannan nawa ne a lissafinka, Alhaji?

Lauya_Bakatsine
Tayi ɗaya ba kasuwa ba ce. Kuma wanda ya sauko bayan ya karanta, in ya saya ba zai dawo maku ba.

Injiniya_KT
Ni da ku ne, sokawen kawai zan gyara yanzu kafin Agusta, a haƙa sabuwa nesa da ɗaki da rijiya, a cike tsohuwar a danne. Tsagar ku bar ta a buɗe da alamar fensir, mai saye ya gani da idon shi ta tsaya. Rufi kuma a rage mashi kuɗi ya yi da kan shi, don duk kwanon da kuka sa sai ya ce ba irin shi yake so ba.

Baba_Magini_Kwaya
A'a Injiniya. Rufin za a fara. Ruwa na bisa hanya, katako biyu in suka jiƙa silin zai sauko kan mutane. Sokawe a daina amfani da ita kawai, ai akwai banɗaki na biyu.

Abu_Sadiq_Rafukka
Ni fa har yanzu ina nan a kan bakata. Da kun faɗi tsagar da baki kun nuna tabon silin, kun fita haƙƙi, ba sai da shafi huɗu ba.

Goggo_Rabi
Kuɗin gyaran kuma wa zai fitar? Kada ku manta da 'yar autar nan.

Dan_Kofar_Marusa
Goggo, shi ne zaman da za mu yi ranar Juma'a bayan la'asar, Kawunmu zai zo daga Batagarawa. Maƙwabcinmu mai bedi ma ya aiko yana so, ya ce zai haɗe da nashi, ko takardar bai nemi gani ba. Yaya ya ce a ba shi a huta, ƙanwata ta ce shi ma sai ya karanta ya sa hannu. Baba Magini, ɗayan banɗakin ma sokawe ɗaya suke zuba ma, na duba ɗazu.